Kunnen Mai Sauti a Daren Walima

Shekara tara ina ɗage da sanda bisa kawunan mutane.
Ba a ganina a fim. Ran da aka gan ni
kuskure ne, darakta zai ce a yanke, a sake.

Yau ga ni a otal ɗin bakin baifas, nan Gusau,
da shaddar aro da hular ƙanin matata.
A katin gayyata an rubuta sunana da biro
ƙarƙashin wani suna da aka soke.

Wai jar darduma. Ai na san ta.
Ita muka shimfiɗa a falon Alhaji a fim ɗin bara,
ga ƙunar dutsen guga nan a gefenta,
an juya ta wajen bango kada ta fito a hoto.

Matsalata kunne, ba ya zuwa hutu.
Kiɗa na tashi, ni raɗa nake ji.
Sahura ta rungume Lauratu: "Wallahi ke kika cancanta."
Taku uku ta yi, ta ce wa ƙawarta, "Nawa ta biya?"
Marwana furodusa na ta rantse-rantse
kasuwa ta mutu, kowa a waya yake kallo kyauta,
makullin sabuwar mota na rawa a yatsansa.
Dubu sha takwas ɗina na cikin motar nan,
ko a taya, ko a madubi.

Malam Sahabi marubuci na tsaye kusa da kular shinkafa.
Yaron da ya ci gwarzon jarumi
da kalmomin da Malam ya kwana uku yana ƙirga
ya miƙa masa kofi, ya ce, "Baba, a ƙaro zoɓo."
Malam ya karɓa. Ya ƙaro.

Masu hoto na kiran sunaye kamar 'yan kamasho a tasha,
nan, nan, Hajiya, ɗan karkato,
kowa ya ari haƙoran fara'a ya saka,
ana liƙi da sababbin ɗari biyu-biyu
waɗanda mai su zai aiko yaro ya tsince.

Sai wuta ta ɗauke.
Janareta ya yi tari sau biyu, ya yi shiru.

A duhun nan na ji zauren ya sauke numfashi.
Wani ya saki ciki, wani ya yi hamma,
cokali ya ci gaba da aikinsa ba kunya.
Kusa da ni aka cire takalmi mai tsini,
ɗaya, biyu, aka ce wash.
Lauratu ce. Ta ajiye kambun a ƙasa, ta danna waya.
Kanancin fim ya zube daga bakinta kamar ɗankwali,
harshen gida ya dawo:
"Inna, ni ac ci. A'a, ba kuɗɗi na ba, gilashi na.
Kin sha maganinki? To kwanta, ina nan tahe jibi."

Shekara tara ina farautar murya irin wannan,
ba kukan akuya a baya, ba babur, ba a sake.
Ta zo mini ran da na bar na'ura a gida.

Wuta ta dawo, aka yi shewa,
kowa ya laluba fuskarsa ya mayar.
Ta sa takalmi, ta ɗaga gilashin sama,
Sahura ta riga kowa tafi.

Na ƙulle sauran nama a leda saboda yara,
na tsayar da mai keke zuwa Tudun Wada.
Ya ce, "Maigida, kai ma ɗan fim ne? Ban gane ka ba."
Na ce haka ake so.
Gobe bakwai muna gindin dutsen Kwatarkwashi,
kafaɗata ta fara ciwo tun yanzu.